Cizon Almakashi

Ban taɓa sanin maɓallin riga yana da girman kai ba sai da hannuwana suka juya mini baya.

Tun da na idar da sallar asuba nake zaune a bakin gado, yatsuna goma cikin robar ruwan ɗumi, ina jiran su ga dama su lanƙwasu. Haka safiyata ta koma. Ni da ake kira daga shagon maƙwabta in zura musu zare a allura, yau sai na yi ta lallashin yatsuna kafin su yarda su riƙe kofin shayi.

Umma ta turo ƙofa da fulas a hannu.

"Auta, in ƙara miki ruwan zafi?"

"Ƙara, Umma."

Tana tsiyayawa idonta na kan zaren da ke wuyana. Zoben Dogo ne rataye a jiki, wanda ya ba ni lokacin da aka sa mana rana. Da sabulu da kuka muka zare shi daga yatsana, bayan kumburi ya kusa binne shi a cikin nama.

"Tura shi cikin riga," ta ce. "In ya sake tambaya, ki ce kin ajiye ne kada almakashi ya ƙarce shi."

"Umma, har yaushe zan yi ta ƙarya?"

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru na ce ki yi."

Na ja numfashi. Dogo kafinta ne, kuma shi kaɗai ne ɗan Hajiya. Hajiya kuwa ita ce mai shagon da nake ɗinki. Ita ta koya mini riƙon almakashi tun ina gama makaranta, ita kuma ta fara ce wa ɗanta ya buɗe ido ya dubi abin da ke gabansa. Kowa ya san ba fuskata Hajiya ta gani ba, hannuna ta gani. Ta sha faɗa a gaban jama'a cewa ranar da ta gaji, ni za ta miƙa wa makullin shago.

To ga hannun nan a cikin roba, kamar wankin da aka jiƙa aka manta.

Likita ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce amosanin gaɓɓai ne, amma ba irin wanda tsufa ke kawowa ba. Garkuwar jikina ce ta rikice, ta bar cuta ta juyo kan gaɓɓaina. Ba a rabuwa da shi, sai dai a kwantar da shi, in kuwa aka yi sakaci yatsu su karkace. Ta rubuta mini ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, ta yi ta maimaita mini "a mako, ba kullum ba" har na fara jin haushi. Ta haɗa da wata 'yar ƙarama mai rage mata kaifi, da gwajin jini a kai a kai don a riƙa duba hanta. Ta ce in yi haƙuri, sai an kwana biyu kafin in ga aikinta.

Sannan ta cire tabarau ta tambaye ni ko ina da aure. Na ce saura kaɗan.

"To ki saurara da kyau," ta ce. "Muddin kina shan wannan, babu maganar ɗaukar ciki, yana yi wa jariri illa. In ciwon ya lafa, sai mu canja magani mu tsara abin a tsanake. Amma ba bana ba, kuma ba zan yi miki alƙawarin baɗi ba."

Wannan maganar ce ta hana Umma barci, ita ce kuma ta zaunar da ita kusa da ni yanzu, tana murza gefen zaninta.

"Ni dai ki bari a ɗaura," ta ce ƙasa-ƙasa. "In kin shiga ɗakinki, ki ɗan ajiye maganin ki samu ko ɗaya ne. In kika haihu, wa zai ce ki fita?"

"In na ajiye maganin, Umma, da wane hannun zan ɗauki jaririn?"

Ta dubi hannuwana. Sai hawaye. Ni kuma ba abin da na tsana kamar kukan Umma, don in ta fara sai in ji kamar ni na je kasuwa na sayo ciwon da kaina. Ta goge ido, ta matso ta fara ɓalla mini maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya.

*

Maganin ba ko'ina ake samunsa ba, sai an sa an kawo. Cikin duk masu kemis na duniya kuwa, wanda ke iya kawo shi a layinmu shi ne mutumin da ya taɓa yi mini zarya na ce masa ya yi haƙuri.

Mai Kemis mutum ne mai tsabta, mai taushin murya, irin wanda ko "sannu" zai ce sai ya auna ta. Da ya ga takardar likita, ya dai dube ni ta saman gilashinsa. Tun daga ranar, in na zo sai ya ɗaga katakon kanta ya ce in shigo ta ciki, don na roƙe shi kada mutane su ga abin da nake karɓa.

Ranar ma haka aka yi. Ya ɗauko kwalbar, ya murɗe murfin da kansa, don ya san ni da wannan murfin ba ma shiri.

"Yaya tashin zuciyar?"

"Washegarin ranar da na sha ne kawai. In wuni a kwance kamar an yi mini duka."

"Zai ragu. Kina shan 'yar ƙaramar?"

"Ina sha."

Ya jera kayan a leda a hankali, yana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Kafintan ya sani?"

"Wannan ba ya cikin aikinka."

"Haka ne." Ya yi murmushi. "Amma ki bar ni in faɗi magana ɗaya. Ni na san komai. Na san sunan ciwon, na san maganin, na san abin da ya hana. Kuma har yanzu ina nan a inda kika bar ni. A gidana ba za ki taɓa neman mai buɗe miki kwalba ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wato har na kai matsayin da za a yi mini tayin aure da buɗe kwalba. Sai hawaye suka zubo ba da izinina ba. Shi kuma, bawan Allah, ya zaro hankici ya miƙo mini.

Ina karɓa na ɗaga ido. Ta gilashin ƙofa na hango motar ɗaukar katako a tsallaken titi, Dogo na jingine da ita, hannuwansa naɗe a ƙirji.

Na cusa ledar a jaka na fito. Gwiwata ta hagu ta zaɓi wannan lokacin ta riƙe, na daure na tsallaka kamar ba komai.

"Sannu da aiki," na ce.

"Ke ce da sannu." Bai dube ni ba. "Ashe har an ba ki aiki a bayan kanta."

"Magani na saya."

"Na waye?"

"Na... na Umma."

"Na Umma." Ya gyaɗa kai. "Na biya gidanku yanzu, na iske ta tana shara tana waƙa. An sha gaya mini ana ganinki a nan, ina cewa sharri ne. Ina zobena?"

"Na ajiye shi ne kada almakashi..."

"Da can da roba kike yanka?" Yanzu ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Kin daina ɗaga wayata da safe. Na ce ki zo ki ga kayan ɗakinmu, kullum sai gobe. Kin cire zobena. Yau kuma na same ki kina kuka a gaban wani, yana ba ki hankici. Ni me na yi miki, Auta? In kin fasa ne, ki faɗa mini da bakinki, ba sai na tsinta a titi ba."

Maganar ta zo har kan harshena. Zoben yana nan a ƙirjina, ina jin sanyinsa. Amma sai na tuna fuskar Umma, na tuna Hajiya da take lissafin jikoki tun kafin a ɗaura, na tuna yadda Dogo ke tsayawa ya ɗauki ɗan kowa a hanya yana yi masa wasa.

"Ba abin da kake zato ba ne," na ce.

"To mene ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya buɗe mota ya shiga, ya rufe ƙofar a hankali, abin da ya fi bugawa ciwo.

*

Washegari na je shago a makare, kamar yadda na saba tun da abin ya same ni. Na riga na ƙware a dabara. Da safe in yi ta awo da hira da masu kawo ɗinki, sai rana ta take, yatsu sun ɗan saki, sannan in taɓa almakashi. Shi ma sai na juya wa kowa baya, don da hannu biyu nake danna shi.

Tun kwanakin baya Hajiya ta ba ni wani yadi mai kauri da tsada, wanda ta ce shi za ta sa ranar bikinmu, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba sai ni. Sai da na yi kwanaki ina fama da shi, amma na gama. Na goge rigar na rataye, kuma ko maƙiyi ya gani sai ya yaba.

Abin da na manta shi ne Hajiya ba ta taɓa duba fuskar riga. Duk wanda ya koyi ɗinki a hannunta ya san wannan. Kai kana nuna mata kyan wuya da zaman kafaɗa, ita kuwa ta riga ta juya rigar ciki waje tana bin gefen yanka da babban yatsa. A koyarwarta, almakashi tafiya yake yi a kan yadi, dogon zango, ba tsayawa. Wanda ya yanka guntu-guntu, ta ce cizon yadi ya yi, sai ta sa shi ya wuni yana yanka tsohuwar jarida.

Sauran teloli sun fita cin abinci, daga ni sai ita. Ta sauke rigar, ta juya ta, ta fara bi da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa.

"Wa kika ba ya yanka miki wannan?"

"Ni na yanka, Hajiya."

"Ke?" Ta matso da gefen kusa da idonta. "Wannan cizon? Ko ranar da kika fara zuwa shagon nan ba ki yi mini irinsa ba." Ta ajiye rigar. "Zo nan. Kawo hannunki."

Na ɓoye su a bayana kamar yarinyar da ta saci sukari.

"Kawo, na ce."

Na miƙa. Ta riƙe su, ta juya, ta duba gaɓɓan da suka tasa suka yi sheƙi. Ta ɗan matsa wuyan hannuna, na saki ƙara ban shirya ba. Shi ke nan, abin da na ɗaure tsawon lokaci ya kwance. Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, har maganar haihuwar, ina kuka ina jan majina.

Ba ta katse ni ba. Da na gama, na ga ita ma fuskarta ta jiƙe. Ta tashi ta rufe ƙofar shago, ta dawo ta zauna a kan kujerar keken ɗinkinta.

"'Yar nan, ashe azabar da kike sha ke nan a gabana ban sani ba. Allah ya ba ki lafiya."

"Amin, Hajiya."

"Ya sani?"

"A'a."

Ta sauke ajiyar zuciya, kuma a wannan ajiyar zuciyar na gane inda aka dosa.

"Kin san yadda mahaifinsa ya rasu?"

"Na ji an ce ya daɗe a kwance."

"An ce." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ɓarin jikinsa ya shanye tun yaron nan bai gama makaranta ba. Ni ina nan a kan keken nan ina nema mana abinci, shi ke ɗaga ubansa, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Sa'anninsa suna ƙwallo, shi yana wanke zanin gado. Yarintarsa duk a bakin wannan gadon ta ƙare. Ranar da aka fita da gawar na yi wa kaina alƙawari, yaron nan ya gama jinya a duniya."

"Hajiya, nawa ba irin wancan ba ne. Likita ta ce in maganin ya karɓe ni zan yi aikina, zan yi komai. Akwai masu shi da yawa, suna aure, suna haihuwa..."

"In ya karɓe ki. In kuma bai karɓe ki ba fa?"

Ni ma tambayar da ke tashina tsaye ke nan.

"Shi kaɗai gare ni," ta ce. "Ina so in ga ɗansa kafin idona ya rufe. Ki ce mini muguwa, na yarda."

"Ban ce ba."

"To ki ji. Jiya ya shigo gida ko abinci bai ci ba, yana maganar Mai Kemis." Ta kama hannuna da taushi, taushin da ya fi matsar ɗazu zafi. "Ki bar shi a haka."

Na ɗago. "A haka yaya?"

"Na san ɗana. In ya ji ciwo ne, ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar ki ba. Zai aure ki, ya yi shiru, ya ɗauka, kamar yadda ya ɗauki ubansa. Amma in ya ɗauka wani kika zaɓa, zai yi fushi, ya yi ciwo, ya warke. Ki mayar masa da zobensa, kada ki ce komai. Mai Kemis ɗin ma ai ba mutumin banza ba ne."

"Hajiya, so kike ya riƙa kallona a matsayin maci amana har ƙarshen rayuwarsa?"

"So nake ya rayu." Ta share hawayenta da gefen mayafi. "Kekenki yana nan. In yanka ya gagare ki, ki koma awo da karɓar aiki, ba za ki taɓa rasa wuri a shagon nan ba. Amma in kika faɗa masa, ni da ke mun gama. Ba zan iya kallonki kullum ba."

*

Ban san yadda na fito ba. Na bi titi, na wuce kwanar gidanmu, na dawo, na sake wucewa. Na zauna a bencin masu jiran mota na kasa zama, na tashi. Uwata ta ce in yi shiru don a yi auren. Uwarsa ta ce in yi shiru don a fasa. Mata biyun da ba su taɓa yarda da juna a kan ko launin labule ba, yau sun haɗu a kan bakina.

Abin da ya fi ba ni haushi, kowa ya yanke wa Dogo hukunci. Umma ta yanke cewa zai gudu, Hajiya ta yanke cewa zai tsaya, Mai Kemis ya yanke cewa bai isa ba. Har ni. Ba wanda ya tambaye shi.

Ƙafafuna suka kai ni wurin aikinsa da la'asar. Yana can ciki shi kaɗai, yana goge fuskar wani katako, garin itace ya yi masa fari a gira da gashi. Ya gan ni, bai daina ba.

Na jawo zaren daga wuyana, na ɗora zoben a kan teburin aikinsa. Hannunsa ya tsaya.

"To," ya ce. "Na gode da kika kawo da kanki."

"Ba maido shi na yi ba. Sa mini."

Ya dube ni kamar na zare. Na miƙa masa hannuna, yatsu a buɗe, a cikin hasken da ke shigowa ta ƙofa. Ya ɗauki zoben, ya kawo shi kan yatsan, ya tura. Zoben ya tsaya cak a gaɓa. Sai a lokacin ya dubi hannun da kyau, ya dubi ɗayan.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa. Wannan karon ban yi kuka da farko ba, na jero masa komai kamar mai karanta awo. Sunan ciwon, safiyata, maganin, dalilin shigata bayan kanta. Da na zo kan haihuwa muryata ta karye, amma na ƙarasa. Na faɗa masa abin da Umma ta ce, na faɗa masa abin da Hajiya ta ce.

Na yi zaton zai rungumi maganar da tausayi, ko ya yi salati. Ina! Ya yi jifa da abin gogewar, ya bugi bango.

"Umma ta sani. Mai Kemis ya sani. Hajiya ta sani. Ni ne baren! Ni da nake nan ina ta haɗa miki gado da durowa, ina hauka ni kaɗai, ina tunanin me na yi!"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Ni dodo ne?"

"Tsoron ka tafi. Da tsoron ka tsaya don tausayi." Yanzu kam hawayen sun zo. "Ban san wanne ya fi muni ba, Dogo. Ba na son in zama aikin da aka ɗora maka. In za ka zauna da ni kana kallona kamar gadon asibiti, gara ka tafi tun yanzu."

Ya zauna a kan wani guntun katako, ya dafe kai.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ya ce, bai ɗago ba. "Ina sonki, ke ma kin sani. Amma na san jinya. Na san warinta. Har yau da ƙyar nake iya shiga asibiti. Kuma ina son 'ya'ya, Auta, ina son su ƙwarai. In na ce miki yanzu ba komai, ƙarya na yi."

Maganar ta soke ni, amma wallahi ita ce magana ta farko tun da ciwon nan ya zo da ban ji ana lallaɓa ni a cikinta ba.

"Jibi da safe zan ga Likita," na ce. "Ka zo ka ji da kunnenka, ka tambaye ta duk abin da kake so. Ka gan ni da safe, lokacin da na fi muni. In ka ji ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka ba, kuma ba zan zage ka ba."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na juya na fita, na bar zoben a hannunsa.

*

Umma ta ce na kashe aurena da bakina. Ta ɓalla mini maɓallai ranar asibiti ba tare da ta dubi fuskata ba, ta ce ba za ta raka ni ta ga abin kunya ba. Ni kaɗai na tafi.

Na miƙa kati, aka ɗebi jinina, na zauna a layi. Duk wanda ya shigo sai na ɗaga kai. Wani tsoho da sanda, wata mata da goyo, mai shara da bokiti. Na duba waya, ba kira, ba saƙo. Na tashi na leƙa waje, na dawo na tarar an zauna mini a wuri. Na tsaya, gwiwa ta ce ba ta yarda ba, na sake neman wurin zama.

Layi ya yi ta raguwa har nas ta leƙo ta yi mini alama.

Na miƙe. Shi ke nan, na ce a raina, ya ba ni amsa. Na isa ƙofar Likita, na kama mariƙinta, irin mai zagayen nan da sai an murɗa. Yatsuna suka zame. Na sa hannu biyu, suka sake zamewa, zafi ya harba har gwiwar hannuna. Mutanen layi suna kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage.

Sai wani dogon hannu ya zo ta saman kafaɗata ya murɗa.

Rigarsa ta jiƙe da gumi, yana haki, akwai baƙin man keke a gefen hannunsa.

"Na makara," ya ce. "Hajiya ta ji kin faɗa mini, ta fitar da kekenki waje tun da sassafe, ta ce a kai gidanku. Ban yarda wani ya ɗauka ba."

Na jingina da bango. Keken da na koyi ɗinki a kansa, a ƙofar shago, kowa na wucewa yana gani.

"Ta san nan za ka zo?"

"Ta sani. Na baro ta tana kuka." Ya goge goshinsa. "Ban yanke komai ba, Auta. Kada ki ɗauka na yanke. Na zo in ji ne."

"Abin da na roƙa ke nan."

Muka shiga. Likita ta ɗago, ta dube ni, ta dubi wannan dogon mutumin da ya tsaya yana rarraba ido a ɗakin kamar mai neman hanyar gudu. Na ga ya yamutsa fuska saboda warin magani. Amma ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora manyan hannuwansa a kan gwiwa.

"Likita," ya ce, "ki fara mini da abin da ya fi muni."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Na zauna a gefensa, ban san ko mijina ne a kujerar nan ba ko mai shirin yi mini sallama. Ta fara magana, shi kuma ya matso da kujerarsa gaba.